Ƙidayar da Hajiya Ta Yi Mana a Badarawa

Shagon magani nake da shi a Badarawa, irin wanda ake ce wa kyamis, a bakin layinmu tsakanin mai niƙa da wani tela. Na daɗe a wurin, har yaran da aka saya wa maganin haƙori a hannuna yanzu su ne ke zuwa saya wa nasu 'ya'yan. Duk wadda ta zauna a irin wannan shago tana ganin abubuwa. Mace za ta shigo da hantsi bayan maza sun fita nema, ta jawo hijabi ta rufe rabin fuska, ta ce a ba ta man zafi da maganin ciwon jiki. In kika tambaya sai ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki, ko ƙofar kicin ce ta buge ta. Nakan ba da maganin in yi mata sannu, in abin ya yi yawa in ce lallai ta wuce asibiti. Na san ba ƙofa ba ce, ita ma ta san na sani, kuma a nan maganar take tsayawa.

Gidan da ke kallon shagona na wata dattijuwa ne da kowa ke kira Hajiya. 'Yar Zariya ce, har ta tsufa Zazzaganci bai bar bakinta ba. A ofishin ƙididdiga na gwamnatin jiha ta yi aiki har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun girma sun kama gabansu. Ba ta da yawan magana. Bayan la'asar takan tsallako in auna mata jini, ta zauna a bencina da tabarau rataye a wuya, tana kallon masu wucewa. In na ce mata yau ciniki ya yi kyau, sai ta ce, "Ya fi na jiya, ko dai ya fi abin da kika zata?" Haka take, ba a yi mata magana a dunƙule.

Wata shekara Islamiyyar matan aure ta unguwarmu ta shirya taron iyaye da mazaje, aka gayyato wata matashiya daga wata ƙungiya ta yi jawabi a kan dukan mata a gidajen aure. Yarinyar ta shirya sosai. Ta zo da kwamfuta, ta haska alƙaluma a bango, na duniya da na ƙasa baki ɗaya. Maza suka saurara cikin ladabi har ta gama. Sai wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Kawo ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce, "Mun gode, 'yata. Amma wannan lissafin Turawa ne. Mu nan muna da addini, matanmu lafiya lau suke." Aka yi dariya, wasu har da tafi. Ɓangaren mata kuwa kowa ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta shiga naɗe wayoyin kwamfutarta. Hajiya ce ta je ta kama mata jaka, ta raka ta har bakin titi ta tare mata keke napep.

Kashegari da ta zauna a bencina ba ta miƙo hannu a auna ba. Ta ce, "Yarinyar nan gaskiya ta faɗa, sai dai gaskiyar nesa ce ta kawo musu. Wa zai ji nauyin abin da ya faru a ƙasar da bai taɓa takawa ba?" Ta juyo ta dube ni. "Ke 'yar nan, a wata mata nawa ke zuwa miki da labarin ƙofa?"

Na ce, "Wallahi Hajiya, da yawa."

Ta ce, "Da yawa ba adadi ba ne. Alhajin jiya ma zai ce kaɗan ne, kuma ba ki da abin da za ki ƙaryata shi da shi. Mu ƙirga namu."

Na zaci mata za ta fara tarawa. Sai ta ce in sa hijabi in raka ta zauren limamin masallacin unguwa. Bayan gaisuwa ta ce, "Allah gafarta Malam, an ce matanmu lafiya lau suke. Ina fata haka ne. So nake in tabbatar, in gaskiya ne ni da kaina zan je in gaya wa yarinyar nan ta yi kuskure a kanmu. Amma ba zan iya ni kaɗai ba, don wasu matan gabanka suke kawo kukansu, ba gabana ba." Malam ya shafa gemu, ya yi ɗan murmushi. Ya fi kowa sanin sulhun da yake yi a zauren nan. Ya ce, "Me kike so in yi, Hajiya?"

Abin da take so ba shi da wuya. Duk wadda ta zo da ƙarar duka, ko waliyyinta ya zo a madadinta, a ja layi ɗaya a takarda. Ba suna, ba lambar gida, ba ma sunan layi. A gefe a nuna ko raunin ya kai ga asibiti, ko tana da ciki, ko a gaban yara aka yi, sannan a tambaye ta ko ta riga ta kai wannan maganar wani wuri, don kada a ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Sharaɗin da ta fi nanatawa shi ne sai matar ta yarda. In ta ce kada a sa ta, ba za a sa ta ba. Da irin wannan magana ta je wurin mai unguwa, da nas ɗin ƙaramin asibitinmu, da tsohon da ke ɗorin karaya a bayan layi, da shugabar Islamiyya. Ni ce ta ƙarshe, don ta ce ta san ba zan ƙi ba.

A wurina wannan sharaɗi na neman izini shi ne mai nauyi, domin dole in buɗe baki in tambaya. Wadda na fara tambaya wata matar direba ce, ta zo da leɓe a kumbure, goye da jariri. Na ɗauko maganin, na riƙe shi ban miƙa ba, na ce a hankali, "'Yar'uwa, ƙofar ce da gaske?" Ta tsaya tana kallon kwalaben da ke kan kanta. Can ta ce, "A'a." Na jawo ta ciki na ba ta kujera, na yi mata bayanin ƙidayar Hajiya, na ce ba suna. Ta ce, "In ba suna, ki sa ni. Ki sa ni sau biyu, don wancan watan ma na zo." Na ce Hajiya ba ta yarda da sau biyu ba. Sai ta yi dariya da kumburarren leɓenta, ni ma na yi, daga nan ta fashe da kuka.

Duk ƙarshen wata Hajiya takan bi mu ɗaya bayan ɗaya ta karɓi takardun, da ƙafa, duk da ciwon gwiwar da ke damunta. A nan muka taɓa saɓawa. Akwai wata mata da ta zo min da wuyan hannu a kumbure, da shatin yatsu a damtse, amma ta dage faɗuwa ta yi. Na ja mata layi. Da Hajiya ta zo tana bin bayanin, na gaya mata yadda aka yi. Ta ce, "Ta faɗa miki da bakinta?"

Na ce, "Ba ta faɗa ba, amma ko makaho ya taɓa hannun nan ya san riƙo ne."

Ta ɗauki biro ta soke layin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Hajiya, wadda aka fi zalunta ita za mu bari a waje?"

Ta ce, "Ki taimake ta da abin da kika sani. Ki kai ta asibiti, ki bar mata ƙofarki a buɗe. Amma a lissafi sai abin da aka faɗa. Ranar da za mu tsaya gaban mazan nan, in suka kama layi ɗaya na zato, sauran duk sun zube. Gara adadin ya yi ƙasa da gaskiya, kowa ya san ƙasa yake." Na kwana biyu ina jin haushinta, ko gaisuwa a taƙaice nake yi. Ita kuwa ta ci gaba da tsallakowa tana miƙo hannu a auna mata jini kamar ba abin da ya faru.

Ba a daɗe ba jita-jita ta bazu cewa Hajiya na rubuta sunayen magidanta za ta kai wa 'yan sanda. Wata rana da rana tsaka wani makanike ya faɗo shagona ko sallama babu, hannunsa duk baƙin mai, yana ɗaga murya a fito masa da takardar da aka sa sunansa. Hajiya na zaune. Mutane sun fara taruwa a ƙofa. Ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Zauna." Ta sa na ba shi ruwa, ta ce wa masu leƙe su tafi ba komai. Sannan ta ce in miƙo masa takardar. Ya juya ta gaba da baya, ba abin da ya gani sai layuka. Ta ce, "Ka gani, ba sunan kowa. Ban san matar kowa a nan ba, ban kuma san mijin kowa ba. Malam liman ma irinta ce a hannunsa, kana iya zuwa ka duba." Ya sha ruwan, ya yi ƙunƙuni, ya fita.

Na ce, "Hajiya, ai da kin gaya masa magana. Wanda ba shi da laifi me zai kawo shi?"

Ta ce, "In na kunyata shi a gaban mutane, a kan wa zai je ya huce?" Da yamma ta aika wa shugabar Islamiyya ta leƙa gidan makaniken da sunan ziyarar ɗaliba, ta ga ko lafiya.

An fara ƙidayar bayan ƙaramar Salla, ba a rufe ba sai da damina ta wuce. Hajiya ta haɗa komai, ta cire duk wanda take shakkar an maimaita, ta kai wa liman da mai unguwa su fara gani. Mai unguwa ya kira taro wata Asabar da safe a ajin firamare, maza a gaba, mata a baya da bakin tagogi. Na zaci ita za ta yi jawabi. Sai ta miƙa wa liman takardar, ta koma cikinmu ta zauna. Shi ya karanta. Ba zan rubuta adadin a nan ba, don an yi alƙawari a ranar cewa na unguwa ne, ba na jarida ba. Abin da zan iya cewa shi ne, da ya faɗa ajin ya yi tsit, har ana jin injin mai niƙa daga nesa. Ya karanta na masu ciki. Da ya zo kan waɗanda aka daka a gaban 'ya'yansu, sai ya tsaya ya cire tabarau ya goge.

Alhajin nan mai hatsi ya sake miƙewa, amma wannan karon bai gyara riga ba. Ya ce, "Wa ya ƙirga?"

Liman ya ce, "Ni na ƙirga wani kaso, a zaurena, da hannuna."

Mai unguwa ya ce, "Ni ma haka." Tsoho mai ɗori ya ɗaga hannu daga lungu.

Alhaji ya juya yana neman Hajiya a cikin mata. Ya ce, "Hajiya, waɗannan duk a nan Badarawa?"

Ta ce, "Ba ma Badarawa duka ba, Alhaji. Iya layukan da ke ƙarƙashin mai unguwarmu. Kuma waɗanda suka yarda aka sa su ne kawai."

Kowa ya san bai daɗe da aurar da 'yarsa ta fari ba, layi biyu tsakaninsu. Ya ce, "Akwai 'ya'yanmu da muka aurar a ciki?"

Ta ce, "Ban sani ba, wallahi. Ban karɓi sunan kowa ba. Abin da na sani, duk wadda ke ciki akwai wanda ya haife ta."

Ya koma ya zauna. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wasu samarin magidanta sun fice suna cewa tonon asiri ne, wani kuma ya ce sai a ƙirga matan da ke zagin mazajensu. Hajiya ta ce in yana so za ta koya masa yadda ake yi, kuma da gaske take. Sai wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ban taɓa jin ya yi magana a taro ba, ya tashi ya ce ƙanwarsa ta zo gida da ƙara sau da dama suna mayar da ita da cewa ta yi haƙuri, har ta kurumce a kunne ɗaya, da haka ta rasu. Ya ce shi dai kada a tashi taron nan sai an yanke wani abu.

An yanke kuwa. Aka kafa ɗan kwamiti, maza da mata. Aka amince duk macen da aka ji wa rauni asibiti za a fara kai ta kafin a yi maganar sulhu, kuma ba za a ƙara mayar da kowa ɗakinta da baki kawai ba, sai an zaunar da mijin gaban liman da waliyyanta. In ya sake, kwamitin da kansa zai raka ta kotu. Liman ya ɗauki makonni yana karatu a kan haƙƙin mata bayan sallar asuba, yana cewa, "Ba labarin wata ƙasa nake ba ku ba, na layukanku ne." Ya kuma fara kiran ango ya zauna da shi kafin ɗaurin aure. Alhaji mai hatsi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, bai kuma shiga kwamiti ba. Amma matarsa ta gaya min a shago cewa yanzu duk Juma'a in ya taso masallaci sai ya biya gidan 'yarsa, ya zauna ya ci abinci, ya tambaye ta a keɓe ko lafiya take da gaske.

Da aka sake ƙidayar a shekara ta biyu, sai adadin ya hau. Mai unguwa ya zo har ƙofar shagona neman Hajiya, hankalinsa a tashe. Ya ce, "Hajiya, gyara muka yi ko ɓarna? Duk wannan wahala, abu sai ƙaruwa yake?" Ni a raina na ce yanzu za ta kwantar masa da hankali ta ce nasara ce. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba tukuna. Yana iya zama dukan ne ya ƙaru, yana iya zama bakin mata ne ya buɗe. Na fi zaton na biyun, don ina ganin suna zuwa da wuri yanzu, tun kafin abin ya kai ga karaya. Amma zato ne. Shekara biyu ba ta isa in rantse ba." Ya ce to me zai gaya wa mutane? Ta ce ya gaya musu haka ɗin. Ya je ya faɗa kamar yadda ta ce, kuma abin mamaki, hakan ya ƙara sa mutane suka yarda da ita. Har waɗanda suka fice daga taron farko suka daina cewa ƙirƙira take yi, don sun ga ta kawo lissafin da bai yi mata daɗi ba.

Ba zan ce an daina dukan mata a unguwarmu ba. Har yanzu ana zuwa min da kumburi. Akwai auren da ya gyaru, akwai wanda ya mutu a gaban alƙali, akwai kuma gidajen da har yau ba mu san abin da ke bayan ƙofarsu ba. Matar direban nan tana gidan iyayenta a Kawo, ta koyi ɗinki, ta yi ƙiba. Takan biyo ta gaishe ni in ta shigo unguwa.

Gwiwar Hajiya ta matsa mata, babban ɗanta ya ɗauke ta ya mayar da ita gidansa a Unguwar Rimi. Kafin ta tashi sai da ta zaunar da malaman Islamiyya biyu ta koya musu aikin, ta sa suka haɗa na wata guda a gabanta tana gyara musu. Nakan hau keke in je gaishe ta ran Lahadi in shago ba ciniki. Zuwana na baya-bayan nan na tarar da baƙi a falo, wasu mata daga Kurmin Mashi. Sun ji labari, sun zo roƙon ta ba su adadinmu su karanta wa mazajensu. Ta hana. Ta ce, "In kuka kai musu na Badarawa, cewa za su yi ai mutanen Badarawa ne. Waye limaminku? Yana da sauƙin kai?" Ɗaya ta ce yana da zafi. Ta ce, "To da shi za ku fara." Ta sa jikarta ta kawo takarda da biro, ta ɗora tabarau a hanci, ta ce in matso in gaya musu yadda ake tambayar mace ba tare da an tsorata ta ba, tunda a cewarta na fi ta iya wannan. Muna nan a kai har aka kira magariba, ɗan nata ya mayar da mu gida a motarsa.